Yadda Za Ka Kalli Agwagi da Ƙananan Tsuntsaye a Tafkin Wurin Shaƙatawa, Ka Kuma Gane Su

Akwai wata safiya da na zauna a kan benci a bakin tafki, agwagwa ɗaya tana iyo a gabana, nisanmu bai fi taku goma ba. Launinta ruwan ƙasa ne mai dabbare-dabbare, irin wadda mutum zai wuce ɗari bai waiwaya ba. Can sai ta miƙe fiffike ɗaya tana miƙa, sai ga wani faci shuɗi mai ɗaukar ido, an yi masa iyaka da farin layi sama da ƙasa, yana sheƙi kamar an goge shi da mai. Ta naɗe fiffiken, facin ya ɓace. Na daɗe ina zuwa wurin, amma ranar ce na fara ganin agwagwa da gaske.

Tafkin wurin shaƙatawa na cikin gari shi ne makarantar da ta fi dacewa da mai koyon kallon tsuntsaye. Tsuntsayensa sun saba da mutane, ba sa tashi da ka matso, kuma kusan su ɗin ne dai za ka tarar gobe da jibi. A duniya akwai nau'in tsuntsaye kimanin 11,000, dangin agwagi da dinya kaɗai sun haura 160, amma tafki ɗaya ba ya ɗora maka wannan kaya duka. Abin da ke gabanka bai fi ka iya riƙe shi a ka ba. Wasu tsuntsayen zan kira su da siffarsu, in haɗa da sunansu na kimiyya saboda mai son ya bincika hotonsu.

Kafin ka fita

Idonka da kunnenka su ne kayan aiki na farko, sai ƙaramin littafin rubutu da fensir. Fensir nake so saboda damshi ba ya hana shi rubutu. Idan da hali ka samu madubin hangen nesa mai ido biyu. A jikinsa za ka ga lambobi kamar 8x42: takwas ɗin na nufin yana matso da abu sau takwas, 42 kuwa faɗin gilashin gaba ne a milimita, wanda shi ke tara haske. Mai 8x32 ya fi sauƙin ɗauka kuma ya wadatar a tafkin gari. Kada girman lamba ya ruɗe ka. Wanda ya haura goma yana bayyana duk wata rawar hannunka, kuma filin da yake nuna maka ƙunci gare shi, tsuntsu na motsawa kaɗan ya fice.

Mutane da yawa suna amfani da madubin shekara da shekaru ba su taɓa daidaita shi da idanunsu ba. Ga yadda ake yi. Ka lanƙwasa shi a tsakiya har da'ira biyun da kake gani su haɗe su zama ɗaya. Ka zaɓi wani abu tsayayye, kamar rubutun allo. Ka rufe gilashin dama da tafin hannu, ka juya ƙugiyar tsakiya har abin ya fito tangaran a idon hagu. Sannan ka rufe na hagu, ka juya ƙaramin zoben da ke jikin mazaunin idon dama har shi ma ya fito sarai, ba tare da ka sake taɓa ta tsakiya ba. Daga nan ƙugiyar tsakiya kaɗai za ka riƙa juyawa. Mai sa tabarau ya murɗa bakin mazaunin idon ya koma ƙasa. Kada ka kuskura ka kalli rana da shi ko da na ƙiftawar ido ne.

Sa tufafi marasa ɗaukar ido, waɗanda ba sa ƙara idan ka motsa. Ka fita da sanyin safiya, daga fitowar rana zuwa hantsi, lokacin da ƙananan tsuntsaye suka fi kuka da neman abinci kuma jama'a ba su cika wurin ba. Yamma liƙis ma tana da daɗi. Tsakar rana agwagi barci suke yi, haske kuma yana wanke launi.

Mataki na farko: zaɓi mazauni, ka zauna

Ka sa rana a bayanka. Wannan ƙaramar magana ce amma rabin aikin ke nan. Idan kana fuskantar rana, duk tsuntsun da ke kan ruwa baƙin inuwa zai zame maka. Launukan da ke sheƙi a jikin agwagwa, irin koren kan toro, ba rini ba ne a cikin gashin, tsarin gashin ne ke karya haske, shi ya sa kai ɗaya zai zama kore yanzu, ya juya ya zama shunayya, ya sake juyawa ya zama baƙi ƙirin.

Nemi inda abubuwa biyu suka haɗu: ruwa da dogayen ciyayi, laka da busasshiyar ƙasa, reshen da ya sunkuyo kan ruwa, bakin magudanar da ke shigo da ruwa. Can rayuwar tafki take taruwa. Ka jingina da bishiya ko ka zauna don kada siffarka ta tsaya ƙiƙam a sarari. Sai ka yi shiru minti goma. Zuwanka ya riga ya sa wasu sun ɓuya, kuma sai sun ga ka zama kamar kututture za su sake fitowa. A wannan zaman kada ka ɗaga madubi. Bi tafkin da ido daga hagu zuwa dama: tsakiyar ruwa, gefe-gefe, ganyen bado, rassa, sannan sama.

Idan ka ga abin da kake son dubawa, kada ka sunkuyar da kai kana neman madubi. Kafe idonka a kan tsuntsun, ka ɗago madubin ya zo ya sami idon. Ka gwada wannan a gida da ganye ko kan sanda har hannunka ya saba.

Mataki na biyu: shin agwagwa ce ma tukuna?

Ba duk mai iyo ne agwagwa ba, kuma nan sabon shiga ya fi yin tuntuɓe. Duba baki. Na agwagwa faffaɗa ne, shimfiɗaɗɗe. Idan ka ga baƙin tsuntsu yana iyo yana gyaɗa kai gaba da baya, bakinsa gajere mai tsini irin na kaza, to kazar ruwa ce, danginta daban. Iri biyu aka fi gani. Mai jan goshi, Gallinula chloropus, bakinta ja ne da rawaya a tsini, tana da farin layi a haƙarƙari, tana tafiya tana ɗaga wutsiya tana nuna farin da ke ƙarƙashi. Mai farin goshi, ta jinsin Fulica, ta fi girma, ta fi son tsakiyar ruwa, ga faɗa kamar me. Idan mai farin goshin ta fito tudu ka dubi ƙafarta: yatsun ba a haɗe suke da fata ba irin na agwagwa, kowane yatsa da nasa faffaɗan leɓatu a gefe.

Akwai kuma ɗan ƙaramin mai nutso, Tachybaptus ruficollis, wanda ake yawan ɗauka ɗan agwagwa ne da ya ɓace wa uwarsa. Kusan ba shi da wutsiya, bayansa a bushe kamar curin auduga, yana nutsewa ba ko fantsama ya ɓullo can wani wuri. Babba ne cikakke, girmansa ke nan.

Mataki na uku: dubi yadda take cin abinci

Da ka tabbatar agwagwa ce, kada ka yi saurin zuwa ga launi. Tambayar da ta fi raba gardama ita ce: tana kifa kai ne ko tana nutsewa gaba ɗaya?

Masu kifa kai su ne waɗanda za ka ga sun dulmiya kai da wuya, wutsiya ta miƙe sama, ƙafafu suna wutsil-wutsil. Wani lokaci kuma suna tafe suna tace saman ruwa da baki. A gefen bakinsu akwai wasu ƙananan haƙora-haƙora kamar na mataji, da su suke tace iri da ƙwari su fitar da ruwan. Suna zama sama-sama a kan ruwa, ƙafafunsu na tsakiyar jiki don haka suna tafiya a tudu ba wahala, kuma idan suka firgita tsalle ɗaya suke yi su tashi sama kai tsaye.

Masu nutso jikinsu a dunƙule yake, sun fi nitsewa cikin ruwa idan suna iyo, wutsiyarsu kusan tana shafar ruwan. Sukan ɗan yi tsalle gaba su shige, su yi daƙiƙa goma zuwa talatin a ƙasa. Ƙafafunsu suna can baya, abin da ke ba su ƙarfin tunkuɗa ruwa amma ya sa tafiyarsu a tudu ta zama da ƙyar. Kafin su tashi sai sun yi gudu a kan ruwa suna dukansa da ƙafa. Wannan rabuwar kaɗai ta rage maka rabin shafukan da za ka buɗe a littafin hotunan tsuntsaye.

Mataki na huɗu: san agwagwa ɗaya ciki da waje

A nan nake so mu daɗe, domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya dogara. Kowane tafki yana da agwagwar da ta fi yawa. Ita za ka mayar ma'auni. Ka kalle ta har ka san girmanta, tsawon wuyanta, gangaren goshinta, kukanta, yadda take a inuwa da yadda take a rana. Ranar da baƙuwa ta sauka a cikinsu, idonka ne zai tsaya a kanta tun kafin ka san dalili.

A mafi yawan biranen Turai, Asiya da Amurka ta Arewa, wannan ma'aunin shi ne malad, Anas platyrhynchos. Toron yana da koren kai, siririn farin zobe a wuya, ƙirji makuba, jiki ruwan toka, baki rawaya, da wasu baƙaƙen gasu a saman wutsiya da suka nannaɗe kamar ƙugiya. Macen ita ce wadda na ba da labarinta a farko: ruwan ƙasa, da duhun layi da ya ratsa ido, baki ruwan lemo mai baƙi-baƙi a sama. Kukan nan mai ƙarfi da kowa ya sani da agwagwa, wanda ke farawa da ƙarfi yana raguwa, na macen ne kaɗai. Muryar toron ƙasa-ƙasa take, a shaƙe.

Facin nan mai sheƙi a fiffike shi ne hatimin da ke taimaka maka da mata, domin matan agwagi da yawa kusan kamarsu ɗaya. Na malad shuɗi ne mai shunayya da farin layi biyu. Na ƙaramar agwagwar nan Anas crecca kore ne. Na Mareca strepera fari ne. Idan mace ta rikita ka, yi haƙuri har ta yi miƙa ko ta fara gyaran gashi, za ta nuna maka. Wata dabara kuma: dubi wanda take bi. A lokacin da suke haɗa aure, mace tana manne da toron jinsinta.

A wurare da yawa na Afirka kudu da Sahara, da kuma Amurka ta Kudu, kirinjijiya ce ke cika bakin ruwa, Dendrocygna viduata. Ita tsayuwarta ma daban ce: dogayen ƙafafu, dogon wuya, a miƙe kamar mai gadi. Fuska fara, ƙeya baƙa, ƙirji makuba, haƙarƙari da ƙananan ratsi. Ba ta kukan agwagwa, fito take yi mai gaɓa uku, sau da yawa za ka ji garkensu a sama kafin ka gan su. Mace da namiji kamarsu ɗaya, kuma za ka ga biyu sun fuskanci juna kowa yana gyara wa ɗan'uwansa gashin kai.

Da ka riƙe ma'auninka, sauran sai su riƙa faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Ga toro mai koren kai, amma ƙirjinsa fari, haƙarƙarinsa makuba, wato an juya tsarin malad, bakinsa kuma dogo mai faɗi a gaba kamar cokali: Spatula clypeata ke nan, wadda ke yawo kai a ƙasa tana tace ruwa, wani lokaci su taru suna zagaye wuri ɗaya. Ga siririya mai dogon wuya da wutsiya mai tsini kamar allura, kai ruwan ƙasa mai duhu da farin layi da ya hau gefen wuya: Anas acuta. Ga ƙarama wadda toronta ke da farar gira mai kauri da ta lanƙwasa har ƙeya: Spatula querquedula, 'yar cin rani ce, tana hayayyafa a Turai da Asiya, idan sanyi ya kama can ta tsallake Sahara ko ta gangara kudancin Asiya. Cikin masu nutso, wadda ta fi saba wa tafkunan gari a Turai da Asiya ita ce mai tukku, Aythya fuligula: toron baƙi da farin haƙarƙari, ido rawaya, tukku yana lilo a ƙeya. Sai dinyar Masar, Alopochen aegyptiaca, mai duhun tabo kewaye da ido da ƙafafu ruwan hoda, wadda asalinta Afirka amma yanzu ta zauna daram a wuraren shaƙatawa na Ingila, Holan da Jamus.

Tarko biyu da ke jiran kowa

Na farko, agwagin gida da 'ya'yan gauraye. Tafkin gari cike yake da su, kuma babu littafin da zai nuna maka hotonsu duka. Kusan duk agwagin gida daga malad aka samo su, don haka za ka ga fara fat, ko baƙa mai farin ƙirji, ko mai koren kai amma jiki ya ninka na daji. Dubi wutsiya: idan ka ga nannaɗaɗɗen gashin nan, ko da tsuntsun fari ne tas, toro ne mai jinin malad. Wadda ta fita daga wannan zuriya ita ce babbar agwagwar nan mai jan tsiro-tsiro a fuska, Cairina moschata, wadda asalinta Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Toronta huci yake yi maimakon kuka, kuma macen tana kwanci kwana 35, alhali malad kwana 27 zuwa 28 take yi. Idan ka ga agwagwar da ba ta dace da kowane hoto ba, kuma tana rige-rigen zuwa wurin mutane, fara zaton ta gida ce kafin ka yi zaton baƙuwa daga nesa. Kama da wane ba ta wane.

Na biyu, lokacin sauya gashi. Bayan hayayyafa, a ƙasashen arewacin duniya wajen watan Yuni zuwa Agusta, sai ka ga kamar toraye sun ƙaura an bar mata zalla. Suna nan. Agwagi suna zubar da manyan gasun fiffike a lokaci ɗaya, su yi kusan wata guda ba sa iya tashi, toron kuma sai ya sa riga irin ta mace don ya ɓuya daga maƙiya. Baki ne ke tona shi: na toron malad yana nan rawaya mai ɗan kore, bai da baƙin tabon na mace.

Mataki na biyar: juyo ga ƙananan

Ƙananan tsuntsaye ba sa ba ka lokaci irin na agwagwa. Daƙiƙa uku ne ko biyar, sai ganye ya haɗiye su. Saboda haka ka tsara wa idonka abin da zai fara ɗauka, kuma launi ne na ƙarshe.

Fara da girma, ka auna da waɗanda ka sani: ya kai gwara, ko ya fi ta, ko ya kai kurciya? Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Sai baki, wanda ke gaya maka sana'ar mai shi. Gajere mai kauri na fasa iri ne, irin na gwara da marai. Siriri mai tsini na kama ƙwari ne. Dogo kamar mashi na kamun kifi ne. Siriri mai lanƙwasa na shan ruwan fure ne. Sai inda yake da yadda yake motsi. Gwara tsalle take yi da ƙafa biyu a haɗe. Mai kaɗa wutsiya, na jinsin Motacilla, taku yake yi ƙafa bayan ƙafa, ya ruga da gudu ya cafke ƙwaro, ya tsaya doguwar wutsiyarsa tana sama tana ƙasa, idan ya tashi kuma tafiyarsa hawa da sauka ce kamar igiyar ruwa. Bayan waɗannan ne za ka nemi alamomi: akwai gira? akwai zobe a ido? ratsi a fiffike? farin gefe a wutsiya? ƙirji lumui ne ko mai zane?

A bakin laka ka lura da wani ɗan tsuntsu ruwan ƙasa mai farin ciki, wanda bayansa ba ya daina rawa, farin cikin nasa ya ɗan hau gaban kafaɗa. Actitis hypoleucos ne. Idan ya tashi yana bin saman ruwa ƙasa-ƙasa, fukafukai a sandare suna karkarwa. Inda bado ya yi shimfiɗa a ƙasashe masu zafi, takabado na tafiya a kan ganye da yatsunsa dogaye kamar tsinke. Zalɓe kuwa, duk girmansa, sau da yawa sai ka yi minti biyar kana kallon wurin kafin ka gane ba kara ba ne.

Masu shawagi a saman ruwa suna kamun ƙwari kashi biyu ne da ake haɗawa a kira su tsattsewa. Na jinsin Hirundo suna da wutsiya mai reshe biyu, suna sauka a kan waya su huta. Na jinsin Apus duhu ne, fukafukansu kamar lauje, ba za ka taɓa ganinsu zaune a waya ba. Dukansu suna shan ruwa a guje, su shafi tafkin da baki su wuce. Tunda an zo maganar sha, ka lura da kurciya da tattabara: su kan tsoma baki su zuƙa ba ɗagawa, yayin da gwara sai ta ɗiba ta ɗaga kai sama kafin ya wuce.

Wanda nake roƙon kowa ya yi haƙurin jira shi ne ɗan masunci. Nemi reshe ko sanda da ta leƙo kan ruwa mai tsabta. Na Turai da Asiya, Alcedo atthis, tsawonsa kimanin santimita 16 zuwa 17 ne, bayansa shuɗi mai walƙiya, cikinsa ruwan lemo, kuma yawanci siririn fitonsa za ka fara ji kafin shuɗin ya gifta. Wake-waken nan na Afirka da Asiya, Ceryle rudis, shi tsayawa yake cak a iska yana kaɗa fukafukai, baki a ƙasa, sannan ya faɗo. Na taɓa ganin ɗaya ya fito da kifi a gicciye, ya koma sandarsa, ya buga shi sau shida ko bakwai, ya jujjuya shi har kan ya fuskanci maƙogwaro, sannan ya haɗiye don kada ƙaya ta tokare. Namijin yana da baƙin ɗamara biyu a ƙirji, macen ɗaya ce kuma a katse a tsakiya.

Cikin dogayen ciyayi akwai ƙananan masu ruwan ƙasa da kunne ne kawai ke kama su. Kada su dame ka a farko, ko gwanaye suna shan wuya da su. Rufe ido minti biyu, ka ƙirga muryoyi nawa kake ji, ka zaɓi ɗaya ka bi ta har ka ga bakin da ke fitar da ita. Muryar da ka gano da kanka haka ba ta barin kai. Idan kuma ka ji ƙananan sun ɓarke da tsiwa wuri ɗaya, ko sun yi tsit gaba ɗaya, duba sama ko ƙarƙashin kurmi, akwai shaho ko kyanwa.

Mataki na shida: rubuta kafin ka buɗe littafi

Da ka ga wanda ba ka sani ba, rubuta abin da ka gani nan take, ko ka zana shi ko da zanen ƙwai biyu ne da layuka. Idan ka fara buɗe hoto, ƙwaƙwalwa za ta ara daga hoton ta ce maka ta ga abin da ba ta gani ba. Sa kwanan wata, lokaci, yanayin sama da adadi. Wajen ƙirga garke, ƙirga goma ka ga faɗin da suka ci, sai ka riƙa auna sauran da wannan faɗin.

Waya na taimakawa. Manhajar Merlin, ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell a Amurka, ta fito a 2014, tana ba da shawara daga hoto ko daga 'yan tambayoyi, kuma tun 2021 tana sauraren kuka, ko da yake ƙarfinta a wannan ya bambanta daga yanki zuwa yanki. Ka ɗauki amsarta a matsayin shawara har sai idonka ya tabbatar. Rumbun eBird, wanda aka buɗe a 2002, yana karɓar jerin abin da ka gani, yana kuma nuna maka abin da wasu suka gani a wurin, wanda ke gaya maka abin da ya kamata ka sa rai da shi a kowane wata. Wanda ba ka gane ba, rubuta "ban tantance ba" ka bar shi haka. Ni ina girmama wannan rubutun fiye da suna na zato, domin masu bincike suna dogara da irin waɗannan bayanan, kamar yadda suke dogara da ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya da ake yi kowane Janairu tun 1967, wadda mafi yawan masu yin ta 'yan sa-kai ne.

Haƙƙin tsuntsayen a kanka

Wata shekara na hango agwagwa kwance a gindin ciyawa, na matsa don in ga ƙwan. Ta tashi a firgice. Ban kai ga komawa bencina ba hankaka ya sauka, ya ɗauki ƙwai ɗaya ya tafi, ya kuma dawo. Yana can yana kallona tun farko, ni na nuna masa wurin. Har yau abin yana damuna. Idan tsuntsu ya daina cin abinci ya miƙe wuya yana kallonka, ka riga ka matso da yawa, ja da baya. Kada ka kunna kukan tsuntsu a waya don ka jawo shi, yana barin sheƙa ne ya zo faɗa da abokin gaba da babu shi. Ɗan tsuntsun da ka gani a ƙasa da gashinsa, yawanci iyayensa na kusa suna jiran ka wuce.

Burodi kuma a bar shi. Yana cika musu ciki ba tare da amfanin kirki ba, ragowar tana ruɓewa ta ɓata ruwa, ta ƙara gansakuka, ta tara ɓeraye. Idan dokar wurin ta yarda a ciyar, ɗan hatsi kaɗan ko yankakken ganye ya fi, gwargwadon abin da za su cinye nan take. Zaren kamun kifi da leda da ka gani a bakin ruwa ka ɗauke, suna naɗe ƙafa da wuya. Mataccen tsuntsu ko mara lafiya kada ka taɓa shi da hannu saboda murar tsuntsaye, sanar da masu kula da wurin.

Sai ka riƙa komawa, tafki ɗaya, ko sau ɗaya a mako. Za ka ga ranar da toraye suka fara gyaɗa kai suna fito a gaban mace, da ranar da uwa ta fito da 'ya'ya goma a bayanta, da yadda suke raguwa, da waɗanda suka kai kwana 50 zuwa 60 suka tashi. Idan suna barci a jere, dubi ta bakin layi: sau da yawa idonta na waje a buɗe yake, rabin ƙwaƙwalwarta na barci rabi na gadi. Ka riƙa duba ƙafafu kuma idan sun fito tudu. Wani lokaci za ka ga zoben ƙarfe ko na roba mai lambobi, wanda masu bincike suka sa. Ɗauki hotonsa daga inda kake, ta kowane gefe da ka samu, ka aika wa hukumar sa zoben tsuntsaye ta ƙasar da kake ko adireshin da ke jikin zoben, tare da wuri da kwanan wata. Sau da yawa sukan maido maka da amsa: inda aka sa masa zoben, da ranar, da wuraren da aka gan shi kafin ya iso tafkinka.